Motar da Ta San Yatsan Kawu

A cikin 'yan Zangon Kumasi da neman abinci ya kawo Doha, babu wanda bai san Kawu Abdul-Jalil ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa komai, domin ba ya jira a tambaye shi. In ka ce kanka na ciwo, ya taɓa zama kusa da likita a jirgi. In ka ce fankarka ta lalace, shi ya koya wa mai gyaran fanka riƙe sukundireba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin wani sito a Sanaiya, unguwar gareji da sitoci, yana cin burodi da shayi, har ya samu ya sayi a-kori-kura fara, ta hannu, mai ƙofa huɗu, a wajen wani Balarabe da zai bar gari.

Ba ya son a kira ta a-kori-kura.

"A-kori-kura tana Bawku tana ɗaukar awaki," in ji shi. "Wannan kwamfuta ce aka sa wa taya."

Yadda yake kula da ita kuwa, ko jinjiri bai samu haka ba. Kujerunta ya lulluɓe su da leda, wanda duk ya zauna sai ya yi ta zamewa. Ɗan rimot ɗinta ma ya naɗe shi da leda ninki uku, ya ɗaure da salatif, yana ajiye shi a aljihun gaban riga. Yana kuma da baƙin salatif na musamman: duk fitilar da ta kunna a allon gaban direba wadda bai gane ba, sai ya yanko guntu ya manna mata a ido. Wata biyar da sayen motar, allon ya koma kamar fuskar wanda ya yi aski da tsohuwar reza.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne motar ba ta da kafar makulli. Maɓalli ne kawai ake dannawa.

"Yatsana ta sani," haka yake cewa.

Yana da hujja. Ranar da ya kawo ta, ya tsaya can nesa a bakin masallaci, ya bar mutum bakwai suka shiga ɗaya bayan ɗaya suka danna, ta ƙi tashi. Ya tako a hankali, ya zauna, ya taɓa da babban yatsa, ta tashi. Tun daga ranar yake shafa wa yatsan basilin safe da yamma. Rimot kuwa, a ganinsa, na buɗe ƙofa ne da kullewa, iyakar aikinsa ke nan.

Mumin ɗan yayarsa ne. Yana jera kaya a wani kanti a Matar Kadim, unguwar tsohon filin jirgi. Mahaifinsa, Alhaji Jamaldeen, direban babbar mota ne tsakanin Kumasi da Bawku, kuma ya rasu wata Lahadi da hantsi. Kafin Mumin ya tashi daga aiki an riga an binne shi. Abin da ya samu kawai hoto ne a waya: jar ƙasa a tsibe, da rabin takalmin wani mutum a gefe. Kwana arba'in yana duba hoton, har ya san takalmin fiye da nasa.

Abu ɗaya ya rage masa da zai iya yi wa tsohon, wato addu'ar arba'in. Liman Yusif ya ba da tsakar gidansa a unguwar Al Asmakh, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yawancin waɗanda za su zo 'yan Sanaiya ne, kuma bas ɗin da ke mayar da su yana tashi ƙarfe uku, ba ya jiran kowa. Alhaji Jamaldeen, duk tashar da ya tsaya, ba ya tayar da mota sai ya tabbatar kowa a cikinta ya ci abinci. Mumin yana so a kira sunan mahaifinsa a ce amin, sannan mutane su tafi da cikinsu a cike. Bai nemi fiye da haka ba.

Da Mumin ya ce zai ɗauki tasi a kai tukwanen abincin, Kawu ya dafe ƙirji.

"Tasi? Abincin maigidana a tasi? Mutumin da muka yi shekaru muna keta daji tare?"

Mako uku Kawu ya yi wa Alhaji karen mota, aka sallame shi ranar da ya zuba ruwa a tankin mai. Mumin ya san labarin. Amma kawu kawu ne, sai ya ce, "To, Kawu."

"Ka ma sani," in ji Kawu, da ƙarfi don na waje su ji, "tun jiya Alhamis nake azumi saboda marigayin. Yau ma da shi na tashi. Ba na so kowa ya sani."

Mma Awawu ce ta yi girkin. Dattijuwa ce 'yar Kumasi, mai dafa abincin suna da na biki, tana zaune a Matar Kadim tare da ɗanta. Tukwane biyu ne manya na alminiyam: ɗaya miya, ɗaya shinkafa da wake, an jera soyayyen naman rago a samanta. Ga kuma bokitin shito, yajin da mutumin Gana ba ya ganin abinci ya cika sai da shi.

Bayan sallar Juma'a Kawu ya faka a ƙofar gidanta, ya bar injin a kunne don sanyin mota kada ya gudu, ya shige kicin wai zai auna tukwanen da ido. Mumin ya bi shi da igiya. Ya tarar da shi ya ba ƙofa baya, ya sunkuya har ƙirjinsa yana kan bakin tukunyar shinkafa, yana gyara saman abincin da ludayi. Muƙamuƙinsa na motsi.

"Kawu?"

"Tasbihi nake," in ji Kawu, da murya a cushe.

Mma Awawu ta shigo, ta rufe bakin tukwanen da takardar alminiyam, ta ɗora marfi, ta ɗaure kowacce da tsohon zane. Aka ɗora su a bayan mota. Kawu ya karɓi igiya ya yi musu wani ɗauri da ya kira ɗaurin Bawku, ƙulli kan ƙulli har sau goma sha.

"Na rantse," ya ce, "tukwanen nan ba za su taɓa ƙasa ba sai a ƙofar gidan Liman."

Suna fita titi motar ta fara ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, wani rubutu ya fito a allo. Balaraben da ya sayar da ita ya bar ta tana magana da Larabci, Kawu kuma bai taɓa yarda a sauya ba, don ya yi makarantar allo, yana karanta baƙi ba gargada. Ya gyara murya, ya karanta rubutun da ja da sauke numfashi, har Mma Awawu da ke kujerar baya ta kusa ɗaga hannu.

"Me ta ce?"

"Tana yi mana fatan sauka lafiya."

"To me ya sa take kuka?"

"Mma, ke girki kika sani."

A danja ta biyu ta sake. Kawu ya sake karantawa, rubutun bai canza ba.

"Yanzu fa?"

"Ta ce akwai zafi a waje."

"Wannan ai ko ni na sani, kuma ba a saye ni da tsada ba."

Kawu ya yanko baƙin salatif guda uku ya rufe rubutun. Ƙarar ba ta da inda za a manna mata salatif, sai ya ƙure rediyo.

Ƙarfe ɗaya da kwata suka iso Al Asmakh. Layin gidan Liman siriri ne, tsofaffin gidaje hagu da dama, shaguna a ƙasansu. Daga bakin layin ana hango ƙofar gidan a buɗe, da takalma a zube, bai wuce taku ɗari ba. Wasu 'yan Zango na tsaye a inuwar wani shago. Da Kawu ya ga idanu, sai ya tsaya a tsakiyar bakin layin, ya sauke gilashi.

"Kawu, mu ƙarasa," in ji Mumin.

"Akwai sababbin zuwa a cikinsu da ba su taɓa gani ba. Minti ɗaya."

Ya kira su suka matso. Ya ɗaga babban yatsansa ya nuna musu gaba da baya, kamar mai sayar da zobe. Ya danna maɓalli, injin ya mutu.

"To ku duba da kyau."

Ya danna. Babu abin da ya faru.

Ya sake dannawa. Motar ta ce ƙit-ƙit-ƙit.

"Tana gaishe ku," in ji Kawu.

Ya duba yatsan, ya goge shi a riga, ya bar wani tabo ja a farin yadi.

"Wane mai ne wannan a yatsan mai azumi?" in ji Mma Awawu.

"Basilin ne."

"Basilin mai ƙamshin citta?"

"Sabon fitowa ne."

Ya danna da yatsan a bushe, ya danna da shi a jiƙe. Ya tuna ya yanke farce da safe saboda Juma'a, ya ce shi ne ya rikita ta, sai ya juya yatsan ya danna ta gefe don ta gane shi. Ya gwada na hagu, ya ce ai tare suka taso. Wata motar ruwan sha ta tsaya a bayansu tana danna ham. Bayanta wata ta tsaya, bayan wannan ma wata.

Daga gidan Liman wani mutum ya tako cikin farar shadda. Injiniya Shehu ne, mutumin Zariya, ma'aikacin kamfanin gas, mai magana a hankali kamar yana tsoron tayar da mai barci. Ya leƙa ta taga.

"Malam Abdul-Jalil, ina makullin?"

Kawu ya yi dariya har ya buga sitiyari. Ya juya ga jama'a.

"Kun ji? Makulli! Injiniya, wace shekara kuke a Zariya?"

"Ɗan rimot ɗin nake nufi."

Kawu ya taɓa aljihun gaban rigarsa. Hannun ya ɗan daɗe a wurin.

"Yana inda na ajiye shi. Kuma na ƙofa ne. Kai injiniyan gas ne, wannan dizal take sha."

Injiniya ya sa farce ya ɓare salatif ɗin. Mai shagon da ke gefe, wani Bayamale mai furfura, ya miƙo wuya ya karanta, ya ce, "Miftah, miftah," yana murɗa hannu a iska.

"Ya ce mota ce mai kyau," in ji Kawu.

"Ya ce makulli," in ji Injiniya. "Ita ma abin da ta rubuta ke nan, ba ta ga makulli ba. Ga ma hotonsa."

A gefen rubutun akwai hoton ɗan makulli, an ja masa layi a kai. Kawu ya kalle shi da kyau, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi. Makulli, an soke shi. Ma'ana ba ta bukatar makulli. Ga shi ita da kanta ta faɗa."

Ya mayar da salatif.

"Kawu," in ji Mumin, "ko mu sauke tukwanen mu ɗauka? Ga gidan can."

"Na yi rantsuwa. Kana so kawunka ya yi kaffara a kan shinkafa?"

Mumin ya duba waya, biyu saura kwata. Hoton jar ƙasar ne a fuskar wayar, ya mayar da ita aljihu.

Kawu ya buɗe bonet. Ya tsaya yana kallon baƙin murfin roba da ya rufe komai daga gefe zuwa gefe.

"Ina injin?" wani ya tambaya.

"Yana ciki. Suna rufe shi ne don kada a saci fasaha."

Ya ce a ba shi dutse, don a Bawku dutse ake buga wa mota ta dawo hayyacinta. Aka duba layin kaf, babu dutse ko ɗaya, ko'ina kwalta da siminti. Ya ari ƙarfen awo na kilo biyu a wajen Bayamalen, ya zaɓi wani wuri da ya yi masa kama da mai laifi, ya buga sau uku. Wani abu ya faɗa ƙasa ya gangara ƙarƙashin mota.

"Mene ne wancan?" in ji Mma Awawu.

"Ƙari ne. Kowace mota tana zuwa da ƙari."

Sai ya ce a tura. Mutum takwas cikin kayan Juma'a suka dafa bayan motar, har da direban motar ruwa, wanda ba ya jin Hausa amma ya gaji da danna ham. Kawu ya zauna a ciki yana ihu, "Yalla! Yalla! Ku tura!" Injiniya ya ce giyarta a kulle take, ko mutum ɗari ba za su motsa ta ba. Kawu ya ce matsalar 'yan boko ke nan, ba su da tawakkali. Suka tura har hular wani ta faɗi. Motar ta tsaya inda take, kamar a nan aka gina ta.

"Kun ga ƙarfi?" in ji Kawu da ya fito. "Mutum takwas!"

Ƙarfe biyu da minti goma ya ce saura dabara ɗaya, wadda marigayi da kansa ya roƙe shi ya koya masa: a cire kan batir, a bar mota ta manta da ɓacin ranta, a mayar. Ya cire. Ya ƙirga zuwa bakwai. Ya mayar.

Motar ta kwarma ihu.

Ba irin ƙit-ƙit ɗin ɗazu ba ne. Jiniya ce da ham a haɗe, fitilu huɗu na walƙiya, tattabaru suka tashi daga kan rufi, aka buɗe tagogi sama da ƙasa ana leƙowa ana magana da harsuna biyar. Bayamalen ya karɓe ƙarfensa ya rungume.

"Ta farfaɗo!" Kawu ya yi ihu a kunnen Injiniya. "Ka ji muryar?"

Mumin ya hango ƙofar gidan Liman. Mutum biyu sun fito suna neman takalmansu.

Bai san lokacin da ya shiga shagon ba. Ya nuna wuƙar yankan kwali, Bayamalen ya miƙa masa. Ya hau bayan motar.

"Kai Mumin! Ɗaurin Bawku ne! Ba a yanka shi, kwancewa ake!"

"To kwance, Kawu."

Kawu ya ja wannan bakin igiya, ƙullin ya ƙara tsukewa. Ya ja wancan, ya kama masa yatsa.

"Ka yi haƙuri, Kawu," in ji Mumin, ya yanke.

Mma Awawu ta naɗa mayafinta ta yi masa gammo. Mutum biyu suka ɗora masa tukunyar shinkafa a ka, wasu biyu suka kama ta miya, Injiniya ya ɗauki bokitin shito da farar shaddarsa. Zafin tukunyar ya ratsa gammon ya sauka a tsakiyar kan Mumin. Haka hannun mahaifinsa yake in ya dawo daga tafiya, da ɗumin sitiyari a tafinsa, ya ɗora masa a ka kafin ya ce komai. Mumin ya yi takun nan ɗari a hankali, bai ji jiniyar ba sai da ya sauke.

Liman Yusif tsoho ne mai siririyar murya. Ya yi addu'a, ana ganin leɓɓansa na motsi, motar kuma na amsawa daga bakin layi. Mutane suka riƙa cewa amin in sun ga na gaba ya ce. Mumin ya kasa kunne don ya ji sunan mahaifinsa, bai ji ba. Aka shafa, Mma Awawu ta kwance zane, ta fara cika manyan farantai.

Liman ya sa hannu a farantin da ke gabansa, ya ciro wani abu baƙi, mai sheƙi, shinkafa ta manne masa. Idonsa ba shi da ƙarfi. Ya matsa shi da yatsu biyu don ya ji ko ya dahu.

Daga bakin layi motar ta ce kwik-kwik, ta yi tsit.

Shirun ya yi nauyi, har ana jin fanka na juyawa a ɗakin Liman. Can sai ga Kawu ya shigo, hannuwa baƙi ƙirin, yana goge gumi da gwiwar hannu.

"Khalas, an gama," ya ce. "Na gyara ta. Wata waya ce 'yar ƙarama, in ba ka san mota ba ba za ka gan ta ba."

Liman ya kalli abin da ke hannunsa. Ya sake matsawa. Motar ta ce kwik-kwik. Ya ƙara, ta ƙara.

Duk wanda ke tsakar gidan ya san ledar nan mai ninki uku da salatif ɗinta.

"Malam Abdul-Jalil," in ji Liman, "wannan naka ne?"

"Yana kama da nawa."

"A ƙarƙashin nama na same shi."

"Ni na rufe tukunyar nan da hannuna," in ji Mma Awawu, "kuma mutum ɗaya ne ya shiga kicin kafin in rufe. Aljihun gaban riga ba ya zubar da kaya sai mai rigar ya sunkuya sosai."

"Gishiri na duba."

"Da azumi?"

"Da ido."

"To an gode Allah," in ji Liman. "Ka ga idon ya bar maka ƙashi a gemu."

Kawu ya kai hannu gemunsa da sauri. Babu komai a wurin. Wani ya fara dariya ta hanci, na kusa da shi ya kama, ta zagaye tabarmi. Mumin ya sunkuyar da kai don kada a gani, amma kafaɗunsa suka tona shi. Rabonsa da dariya kwana arba'in, ta fito masa da ruwa a ido, bai san wanne zai share ba.

Liman ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ɗazu ba wanda ya ji abin da na ce, ni ma ban ji ba. Mu sake."

Ya kira sunan Alhaji Jamaldeen, direban Kumasi zuwa Bawku, a fili, da siririyar muryarsa, ya roƙa masa gafara da sanyin kabari. Amin ɗin ta tashi gaba ɗaya, ta cika tsakar gidan. Mumin ya ji kowane harafi.

Uku saura kwata farantai sun koma fes. 'Yan Sanaiya suka fita suna suɗe yatsu, suka bi ta gefen motar a karkace don su wuce. Injiniya ya karɓi rimot ɗin ya je ya tayar da ita da ɗan ƙaramin yatsansa, ya buɗe wa motar ruwa hanya.

Kawu na zaune a gefen tabarma shi kaɗai, yana kallon bango. Mumin ya kankare ƙasan tukunyar, ya samu shinkafa da tsoka biyu, ya zuba shito, ya kai masa. Mahaifinsa ko ranar da ya sallami mutumin nan sai da ya saya masa abinci a tasha.

"Bismilla, Kawu."

Kawu ya kalli farantin. Ya kalli rana, wadda ke da sauran tafiya mai nisa. Ya wanke hannu, ya kai loma, ya tauna a hankali yana lumshe ido.

"Ka gaya wa Mma," ya ce, "gishirin ya fi na ɗazu shiga."